Taƙi Ɗaya a Taswirar Malam

Kwanan baya jikata ta zo min da wayar ubanta tana rawar jiki, wai za ta nuna min garinmu daga sama. Ta sa yatsu biyu ta buɗe, sai ga rufin kwano, ga titi, har da rimin ƙofar masallaci. Ta matse yatsun, garin ya ƙanƙance ya ɓace, duniya kaf ta dawo tafin hannunta. Na riƙe baki, ba zan ɓoye ba. Amma da na ce ta ajiye wayar ta nuna min da hannu inda Tudun Wada take daga nan inda muke zaune, sai ta miƙa hannu ta nuna min hanyar Kano, tana dariya. Ni ban yi dariya ba. A satin nan kuma na bi ta tsohuwar makarantarmu, na tarar an zuba siminti a gindin tsamiya an kafa tankin ruwa, daidai wurin da rumfar taswira take. Na tambayi wani matashin malami ko ya san abin da ke wurin a da, ya ce min tun da ya zo tanki ya gani.

A zamaninmu ba a neman shiga makarantar boko, kamo yaro ake yi. Idan saƙo ya zo daga wajen hakimi a kawo yara, dagaci yakan leƙa gidan da babu mai tsaya wa yaro. Ni kuwa ubana ba ya gida. Ya tafi haƙar kuza tun ina tatata, ko kamanninsa ban riƙe ba. A gidanmu in an tambaya sai a ce ya tafi kuza, ni kuma na ɗauka Kuza sunan gari ne, wani gari can ƙarshen duniya. Baffa, ƙanen ubana, shi ke riƙe da gidan, shi ne kuma yake cewa nisan wurin ya fi na Barno, ba mai zuwa sai wanda ya yi sallama da gida. Da wannan magana aka rufe bakin kowa. Inna, mahaifiyata, ta zauna a ɗakinta da mazarinta tana kaɗi, ba ta nemi a raba auren ba, don a ganinta mutumin da nisa ya riƙe ba shi da laifi.

Akwai kuma Iya, kakata, wadda ta haifi ubana. Ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane, in ma ya zama dole sai ta ce "wancan". Haka al'ada take, kuma Iya ba ta wasa da al'ada. Ni ne take hucewa a kaina. Maigida take kirana, maigidan da bai taɓa kawo cefane ba sai cin ƙanzo. Duk safiya in zan tafi makaranta sai ta ce in gaida Nasara, in ce masa ta gode da ya rage mata mai cinye mata tuwo. Sai da na girma na gane ni take kallo in tana son ganin wancan ɗin.

Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa. Yanzu ina jin malamai suna kukan babu kayan aiki, ina kuma tausaya musu, amma da sun ga namu da sun yi shiru. Malaminmu saurayi ne ɗan birni, siriri, mai keke, kuma duk abin da muka yi karatu da shi hannunmu ne ya yi shi. Allon bango mu ke daka gawayi mu kwaɓa da ƙaro mu shafe shi, mu koma gida kamar waɗanda suka fito daga maƙera. Idan allin da aka aiko daga birni ya ƙare, sai a tura mu rafi mu haƙo farar ƙasa a mulmula a shanya. Takarda kuwa sai manya. Mu ƙanana kowa da faffaɗan kaskonsa cike da yashi, ka shafe da tafin hannu ka rubuta da yatsa, in ka ɓata ka sake shafewa. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, tafukan hannu da yawa suna shafar yashi lokaci guda. Wahalar da Malam ya fi sha da mu ita ce ta hannu, don duk mun saba da allo, yatsa da kansa yake tafiya dama ya faro daga can. Da ya gaji da faɗa sai ya ɗaura wa kowa zare a wuyan hannun hagu, ya ce daga wajen zare ake farawa.

Tarihi ba mu da littafinsa sai guda ɗaya da ke cikin akwatin Malam, shi ma ba ya yawan fito da shi. Yakan kwashe mu ne zuwa kufan ganuwa, mu zauna a kan ɓaraguzai, ya aika a kira wani tsoho da ya ga zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsu. Tsohon ya nuna mana inda ƙofa take, da inda ake ɓoye mata da hatsi, da ramin da aka haƙa aka cika da ƙaya. Sai dai bai taɓa kai labarin ƙarshe ba, don da ya zo wurin wanda ya fara gudu sai ya ambaci kakan wani a cikinmu, rigima ta tashi, Malam ya ce a tashi haka. Duk da haka abin ya zauna mana, domin a kan ganuwar muke zaune ana ba mu labarinta.

Amma abin alfaharin Malam shi ne taswira. A gindin tsamiya ya sa aka kafa rumfa, muka kwaɓa laka kamar masu ginin rumbu, muka shimfiɗa ƙasar Arewa gaba ɗaya a ƙasa, faɗinta kamar tabarma biyu. Koguna muka ja da tsinke aka ɗiga musu ruwan baba suka yi shuɗi. Hanyar jirgi da sillen kara aka yi ta, daga Kano ta bi ta Dangora ta gangara Zariya. Birnin Kano bakin wata fasasshiyar tukunya ne, shi ne ganuwa. Garinmu bai isa ya shiga taswira irin wannan ba, amma muka dame shi da magiya har ya dasa mana ƙwallon goriba tsakanin Kiru da Bebeji ya ce ga mu nan. Duwatsu kuma daga rafi muka kwaso. Ni aka ba wani baƙin dutse na dasa a kudu da mu, Malam ya ce wannan dutsen Riruwai ne, za mu zo kansa in mun gama da Katsina da Daura. Wannan darasi shi ake kira labarin ƙasa.

To, sunan nan shi ya jawo komai. Wata rana da hantsi, ranar da babu makaranta, ina zaune a tsakar gida na tara yashi ina shafewa da tafin hannu, ina ɗiga garuruwa da yatsa, ina jan layi, ina gunguni. Iya ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu ta daɗe. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ce labarin ƙasa ne. Na ƙara da cewa Malam yana tsaye wuri ɗaya zai gaya maka inda kowane gari yake, da inda kogi ya fito, da inda ya nufa. A wurinmu kuwa mutum ɗaya ne yake shafe yashi da tafin hannu ya yi ɗige-ɗige ya ba da labarin abin da ke nesa, shi ne mai bugun ƙasa, mai duba. Iya ba ta tsokane ni ba ran nan. Ta rage murya ta ce, "Yana faɗin inda mutum yake?" Ni da ban san inda ta dosa ba na ce ai babu abin da Malam bai sani ba.

Washegari muna cikin rubutu sai ga Iya a ƙofar aji, ta yi lulluɓi, da kaza a hammata. Na ji kamar in nutse a kaskona. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida yaron da ta yi jika da shi, tana Allah gafarta malam. Malam ya zabura ya fito yana cewa ta tashi. Ta ce ba za ta ɗauki lokacinsa ba, ta zo ne ya duba mata ƙasa, akwai wani da ya bar gida. Fuskar Malam ta canza. Ya yi a'uziyya, ya ce shi ba ya duba, bai taɓa yi ba, abin da yake koyarwa sanin garuruwa ne da koguna. Iya ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta sani, duk haka suke cewa da farko. Yara suka fara ƙyalƙyala. Malam ya ga bayani ba zai fisshe shi ba, kuma in maganar nan ta shiga gari cewa bugun ƙasa ake koya wa 'ya'yan mutane, to makarantar ta tashi. Sai ya ce ta zo ta gani da idonta, laka ce kawai da duwatsu. Muka ɗunguma gaba ɗaya zuwa rumfa.

Ta tsaya tana kallon taswirar, kaza na mutsu-mutsu. Malam ya nuna mata Kano, ya nuna mata hanyar jirgi, ya nuna mata ƙwallon goribarmu. Da ya gama sai ta ce:

"To ina Riruwai?"

Ashe shekarun baya wani bafatake ya taɓa ambaton sunan a zaure yana yi wa Baffa maganar ubana, ita kuma tana bayan danga ta ji, ta riƙe shi a ranta ba ta gaya wa kowa ba. Malam ya juyo ya ce in nuna mata, tun da ni na dasa dutsen. Na nuna. Shi kuma, da yake malami ne ba ya iya barin darasi ya wuce, ya ce a nan ake haƙar kuza, har ya aika aka ɗauko wani ɗan gwangwani ya zuba mata baƙin yashi mai nauyi a tafin hannu, ya ce ga kuzar. Kuza ba gari ba ce, yashi ce. Dutsen da na dasa da hannuna, wanda nake tsallakewa kullum in ina yayyafa wa taswira ruwa, nan ubana yake.

Iya ta miƙa min kazar. Ta durƙusa, ta ɗora babban yatsanta a kan ƙwallon goriba, ta buɗe hannu kamar mai auna ƙyalle. Ɗan yatsanta na tsakiya ya sauka a kan baƙin dutsen. Taƙi ɗaya. Ta ɗaga hannun ta sake aunawa, ko ta yi kuskure. Sannan ta juya ta auna daga goriba zuwa bakin tukunya, ta ga bai cika taƙi ba. Ta ce a nuna mata Barno. Malam ya taka zuwa ɗaya ƙarshen rumfar ya tsaya. Tsohuwar nan ta bi laka da rarrafe tana aunawa taƙi bayan taƙi, zanenta yana jan ƙasa, har ta isa ƙafarsa. Ta ɗago ta ce Kano dai da ƙafarta ta sha zuwa tana budurwa, da tallan zare a ka.

Sai a lokacin Malam ya gane abin da ya faru. Ya ce, "Iya, taƙin nan fa tafiya ce ta kwanaki. Akwai daji a tsakani, akwai namun dawa."

Ta ce, "Na ji, Malam. Amma ba Barno ba ce."

Ta kakkaɓe gwiwa ta tafi. Malam ya ce in bi ta da kazar, ta ce in na kuskura na dawo mata da ita sai ta saɓa min. Haka kazar nan ta zama ta makaranta, ta yi ta ƙyanƙyasa a bayan aji, Malam kuma bai taɓa cin ko ƙwanta ba.

Da azahar Baffa ya dawo daga gona. Iya ta bari ya sha ruwa, sannan ta ce ya sake gaya mata inda wancan yake. Ya maimaita abin da ya saba faɗa, nisa, Barno, sallama da gida. Ta ce masa yau ta auna da hannunta. Ban taɓa ganin babban mutum ya rasa inda zai sa idonsa irin na ran nan ba. Ya zauna a kan turmi ya cire hula. Ya ce gaskiya ne, wurin ba shi da nisan da ya faɗa. Ya ce shekarar da ya ce ya tafi cin rani, can ya je, kuma ya same shi da rai. Ya ɓoye ne don ya ga in sun ɗauka nisa ne ya hana shi zuwa za su fi iya haƙuri. Duk mazan unguwa sun sani, liman ya sani, dagacin da ya kamo ni makaranta ya sani. Mu uku ne kawai a duhu, Iya da Inna da ni. Ina jin ƙarar mazarin Inna daga ɗaki tun da aka fara maganar, a nan ya tsaya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi girgiza garin. Iya ta ce za ta je. Mata suka yi ta shigowa suna tafa hannu, wai ina aka taɓa ganin uwa ta bi ɗan fari, ina kunya, ina kara. Baffa ya ce shi zai koma, ta ce ta ga komawarsa. Ya je makaranta ya yi wa Malam ƙorafi, wai da laka an rushe masa gida, Malam ya ba shi haƙuri. Iya kuwa ta samu fataken da ke kai dawa a jakuna wajen leburorin kuza, ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta bi su da safe ta hanyar Tudun Wada. Ni ta kalla a ƙofar gida ta ce maigida ya riƙe gida, kada ta dawo ta tarar na sayar da rumbu. Muryarta ba ta yi daidai da wasan ba.

Kwanakin nan ban san me aka koyar a aji ba. Da na isa makaranta sai in wuce rumfa, in ɗauki wata 'yar tsakuwa in matsar da ita kaɗan daga goriba zuwa wajen dutse, ina cewa yau ta kai nan. Malam ya gan ni bai hana ni ba, har wata rana ya tsuguna ya matsar min da ita baya, ya ce jakuna ba sa sauri haka, kuma a dajin Falgore sai an jira an taru da yawa kafin a shiga. A raina na gama shirya komai. Za su dawo tare, shi a gaba da dogon sanda, za a daina kirana yaron da ba uba a gida. Inna kuwa ta yi wa ɗakinta sabon daɓe, ta wanke tasoshinta da toka.

Watan da Iya ta tafi a cikinsa bai mutu ba ta dawo. Wannan kaɗai ya isa ya kashe mutum da mamaki: shekarun da Inna ta yi tana jira, ga tsohuwa ta je ta dawo da ƙafarta wata bai ƙare ba. Da la'asar ta shigo, ita kaɗai, ƙafafunta sun kumbura. Na leƙa bayanta har zaure, babu kowa. Aka ba ta ruwa, aka zauna, Inna tana bakin ƙofarta. Iya ta ce ta same shi lafiya lau, har ya yi ƙiba. Ya daɗe da barin ramin kuza, keken ɗinki ne da shi a bakin kasuwa, leburori na layi a wurinsa. Ba ciwo yake ba, ba ɗaure shi aka yi ba, babu wanda ya yi masa asiri. Da ya gan ta ya faɗi yana kuka, ya yanka mata kaza, ya tambayi kowa da kowa. Ta tambaye shi abin da ya riƙe shi, ya ce wallahi kullum yana niyya. Mun yi ta jira ta faɗi wani dalili, ko mummuna ne, mu samu abin riƙewa. Babu.

Na ce, "Iya, yaushe zai zo?"

Ta ce, "Ya ce bayan kaka."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce haka ya gaya masa shi ma.

Sannan ta kwance ƙunshinta ta ciro wani abu a naɗe, ta ce ga saƙona. 'Yar shara ce ta farin yadin akoko, da ɗan aiki na jan zare a wuya. Ta ce ya gaya mata ita ce abu na farko da ya fara ɗinkawa ranar da ya samu keken, ni ya ɗinka wa, tun ran nan take ƙasan akwatinsa yana jiran ranar tahowa. Wajen ninkin duk ya yi rawaya. Na karɓa da hannu biyu, don ban taɓa riƙe wani abu da ubana ya taɓa ba. Na tuɓe rigata a nan tsakar gida na zura kai. Kaina bai shiga ba. Na juya ta, na sake turawa, na ja da ƙarfi har kunnuwana suka yi zafi, ina jin zaren wuyan yana ƙara. Babu wanda ya yi dariya. Inna ta taso daga bakin ƙofa ta riƙe min hannu, ta ce in bari haka kada in yaga, ba tawa ba ce, ta yaron da ya bari ce.